Fada yana nan da ransa

Jidda, daren Laraba, 19 ga Zulƙida, 1385

Na gaji. Tun safe ina tashar jirgin ruwa ina cike wa alhazai takardu. Cikin layi sai ga Garba, abokina na makarantar mishan, shekara talatin da biyar rabona da shi. Da ya leƙa takardarsa sai ya yi dariya.

"Kai, ɗan gidan Fada! Har yanzu rubutunka irin nasa ne."

Na ɗauka Fada, limamin cocin da ya koyar da mu, ya daɗe da mutuwa. Ashe yana nan, ya tsufa, amma bai bar al'adarsa ta zaɓen yaro ɗaya duk shekara ya riƙa kwana a gidansa yana yi masa shara ba. Bana autan Garba ya zaɓa. Garba yana faɗa yana murna, wai yaron zai yi ilimi kamata.

Ilimi! Shekarata goma sha biyu lokacin da Fada ya fara kulle ƙofa da ni a ciki. Na gaya wa babana sau ɗaya, ya mare ni, ya ce kada in ɓata sunan mutumin Allah. Tun daga ranar ban sake buɗe baki ba, ko matata ba ta sani ba.

Yau ma "Madalla" kawai na ce, na buga hatimi, na kira na gaba.

Motar su Garba za ta tashi zuwa Makka bayan asuba. Na san masaukinsu a unguwar Ruwais. Wataƙila ya ƙaryata ni, wataƙila ya yaɗa ni cikin 'yan garinmu. Shi ke nan, ya yaɗa. A masallacinsu zan yi sallar asuba, in gaya wa Garba komai, in ce ya aika waya gida a ɗauke yaron.