Tsinken Tabawa

Hidaya,

Na tafi Gwashi, ba ni iya jira ki taso makaranta. Da hantsi kawunki Namadi ya zo da labari: Allah Ya yi wa Tabawa rasuwa, ƙawata da muke musayar littattafai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ki yi haƙuri, jikalle, na ɗauke littafin da ke ƙarƙashin matashinki. Na san kin kai tsakiya. Amma nata ne, aro ta ba ni, yanzu kuwa ya zama kayan gado. Dole shi koma hannun ɗiyanta kafin a yi rabo.

Ko gama shi ba ta yi ba na matsa mata. Ta ce, "Ke dai da gaggawa! Ungo, amma ran kasuwa ki maido mini, kuma kada bakin nan naki ya faɗa mini ƙarshe." Kasuwa huɗu ta ci ban kai ba.

Na cire takardar da kinka sa alama. Akwai tsinken tsintsiya a shafi na sittin, nan Tabawa ta tsaya. Shi ban taɓa ba.

Ki yi mata addu'a.

Kakarki