Kwikwiyon Bayan Rumfa

Zuwa ga Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, ya yara, ya zafin Gadarif? Mu nan unguwar Rusaifa, a ƙasa mai tsarki, sai godiya.

Yaya, makon jiya aka zuba wa karnukan unguwa nama mai guba. Na tarar da wata karya ta mutu bayan rumfarmu, ɗanta yana ta tsotson ta. Baƙi ne mai farin wuya, kamar Barsu, karenmu da ya biyo mu tun daga Kano. Na ɗauke shi.

Garin sauri na ba shi ruwa a kwanon fura, maƙwabciya ta gani. Yau kwana shida ba wanda ya sayi furata, ko da yake na wanke kwanon sau bakwai da ƙasa a gabansu. Maigida ya ce in kai kwikwiyon bayan dutse in baro.

Na taɓa gaya miki wani masunci ya karɓi Barsu a Sawakin, inda muka shiga jirgin ruwa. Ƙarya na yi. Barsu ya biyo jirginmu cikin ruwa har kansa ya ɓace.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a, ki gaida Baba. Wannan kam ba zan baro shi ba.

Ƙanwarki,
Rabi