Darasin Amosanin Jini

Daren Talata, ƙarshen damina, Madarumfa

Yau a lakwal, makarantarmu ta boko, na koyar da darasin da nake tsoro. Littafi ya ce halittu suna sauyawa a hankali: wanda jikinsa ya dace da inda yake zaune shi ke rayuwa, ya haifa, ƴaƴansa su gaji abin da ya tsirar da shi. Misalin da aka kawo kuwa amosanin jini ne. Na rubuta a allo cewa wanda ya gada ta ɓangare ɗaya, masassarar sauro ba ta cika kashe shi ba, shi ya sa jinin ya yawaita inda sauro ke da yawa, kamar nan bakin tabki. Wanda ya gada daga uwa da uba duka, shi ke kwanciya.

Sai Rabi ta bencin gaba ta ɗaga hannu. "Madam, ke nan waɗannan suna mutuwa ne don sauran su tsira?"

Ba ta san na binne ɗana Nura yana shekara shida ba. Na ce mata rai na hannun Allah.

Na dawo gida na tarar da ƙannen Nura biyu suna tsalle a tsakar gida. Duk daminar nan ko sau ɗaya masassara ba ta kwantar da su ba. Na tsaya ina kallonsu da jaka a hannu.

Babansu ya ce, "Lafiya kike kallonsu haka?"

Na ce lafiya lau. Na kasa gaya masa cewa abin da ya ɗauke Nura, rabi daga gare shi ya fito, rabi daga gare ni.