Ƙuri'ar da Dogo Ya So Ya Ba Ni

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Allah ya ba Inna sauƙin ciwon ƙafar nan, ya sa ta daina ɓoye ƙwayoyin magani a ƙarƙashin matashi. Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Ka ce in tattara kayana in dawo tunda zaɓen ƙasar nan ya matso, kuma ɗaya daga cikin 'yan takarar ya sha alwashin sallamar baƙin ma'aikata irina. Yaya, ka yi haƙuri, ba yanzu ba. Ga dalilina.

Ka san darasin da nake koyarwa, na haƙƙin ɗan ƙasa da yadda ake mulki. 'Yan ajin ƙarshe duk sun isa yin zaɓe bana, amma da na kawo maganar, wasu suka kifa kai a tebur, wasu suka koma latsa waya. Cewa suke ko an yi ko ba a yi ba, babu abin da zai sake. Akwai wani da suke kira Dogo, mai zama a karkace don ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Shi ya tambaye ni wa zan zaɓa. Na gaya masa gaskiya, ni baƙuwa ce, ba ni da ƙuri'a a nan. Bayan an tashi ya same ni ina goge allo, ya ce tunda tasa ba ta dame shi ba, ya ba ni ita kyauta. In faɗi suna kawai, shi kuma ya dangwala, har abokansa zai jawo min.

Wallahi sai da raina ya biya, don aikina ne ke cikin haɗari. Amma na ce masa a'a, ya je ya saurari kowane ɗan takara da kunnensa. Ya kuwa je. Ya dawo yana sunkuyar da kai, wai mai son korar tamu ne ya fi kwanta masa, saboda mahaifinsa ya daɗe ba aiki. Na sha ruwa, sannan na nuna masa ofishin da ake rajistar zaɓe. Washegari abokansa suka bi shi, a aji kuma yanzu gardama suke har sai na buga tebur.

Saboda haka ina nan har a ƙirga ƙuri'u. In ta Dogo ce ta dawo da ni gida, ka zo tarbata da fara'a, don na koyar da darasina.

Ka gaida Inna da Baffa, da matarka, da Auta mai alkawarin kiran waya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka