Baƙar Da'ira a Saman Gidan Baba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan na kasa rubuta ko layi guda, ni da ban taɓa tsallake rana a littafin da nake rubuta abubuwan da suka faru kullum ba tun ina aji uku na sakandare.

Shekaruna arba'in da ɗaya, sana'ata yanka gilashin taga. Shekara huɗu da suka wuce mahaifina ya hau saman gida da sassafe zai ba tantabarunsa hatsi, sai ga shi ya sauko. Ya ce wani abu mai haske kamar faranti ya tsaya bisa kansa, babu ƙara, sannan ya ɓace. Kowa ya yi dariya. Ni na ɗauki tef ɗin awo na hau. Na tarar da baƙar da'ira a kan siminti, faɗinta inci ashirin da uku.

Na kankari baƙin na zuba a kwalaben magani, na ɗauki hoto, na bi gida goma sha bakwai ina tambaya. Mutum biyu sun ce sun ga wani abu, daga baya ɗayan ya koma wataƙila. Duk ƙarshen mako ni da Baba mukan hau mu sake aunawa. Da can gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yayata ta daɗe tana so a rufe gidan a mayar da Baba wurinta, wai tsufa ya taɓa masa kai. Ni ne na hana da shaidar da'irar nan, don duk dangi sun san ba na rubuta abin da ban gani ba.

Ran nan ina neman wani abu dabam a tsohon littafi, sai na ci karo da rubutuna na kwana biyu kafin abin: mai gyaran rufi ya zo, ya narka kwalta a durom kusa da ɗakin tantabaru. Na je na auna gindin durom ɗin, don har yanzu yana gidan. Ashirin da uku. Sau uku na auna.

Na ɗora reza a kan shafin, na kasa yankewa. In na faɗa, za su ɗauke Baba, a sayar da tantabarun. In na yi shiru, me kuma zan rubuta? Na ma fara tunanin tun farko so nake in gani, shi ya sa na manta da zancen durom ɗin. Ban ƙara yarda da idona ba.

Mai Tef

Ɗana Mai Tef,

Ajiye rezar nan. Littafinka bai yi ƙarya ba, shi ne ma ya kama kuskuren.

Ka haɗa abu biyu wuri guda. Durom ya bayyana da'irar, bai ce komai a kan hasken ba, balle lafiyar mahaifinka. Wannan aikin likita ne, ba na tef ba. Kada kuma ka ɗauki yayarka maƙiyiya. Tsoho mai hawa bene shi kaɗai abin tsoro ne, tana da gaskiyarta. Ka ba ta shawarar ku kai shi a duba shi tare, a sa ƙarfen kariya a matakalar.

Amma Baba za ka fara gaya wa, ku biyu, kafin kowa. Mai yiwuwa ya yi fushi, har ya daina yi maka magana na wani lokaci. Ka jure, ka ci gaba da zuwa duk mako ko bai kula ka ba. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji a taron dangi.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar shi a ɗakinsa, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggo