Motarki Ta Tashi, Hajiya

Zuwa ga uwar 'ya'yana, Hajiya Falmata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar da ba ta yankewa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Na san takarda ba ta isa can. Amma shekara talatin da huɗu ke nake fara kai wa labari, kuma bakina bai koyi wata hanya ba.

Albishirinki, 'yarki Hauwa ta sauka lafiya a Guri, an samu mace. Da kina nan, a ɗakinki za ta yi wankan jego. Tunda ba kya nan, Yaya Kaltume ta ce ita za ta je ta tsaya a matsayinki. Kin san ƙafafun yayar taki, ba ta iya zaman motar haya, mutum huɗu a kujera ɗaya. Na yi mata alkawari ni zan kai ta ranar suna, a motar nan da ɗanki Sani ya saya mana, wadda kika shiga sau uku kacal kika ce ta fi gadonki laushi.

To motar ce ta so ta ba ni kunya, kuma laifina ne. Duk daminar nan idan ruwan lagireto ya ragu, sai in tsaya bakin kogi in ɗebo in zuba, kamar yadda nake yi wa injinan ban ruwa a fadama. Ashe laka tana taruwa a ciki. Ina dawowa daga kasuwar Kafin Hausa da gero da kayan yajin mai jego, allurar zafi ta haye sama, farin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa. Da na zaro sandar gwajin mai, na ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Gasket ɗin kan inji ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke hana ruwa da mai haɗuwa. Saura kwana biyar suna.

Makanikan da na zagaya duk magana ɗaya suka yi: inji ne mai turbo, wato na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, a ja ta Kano, a ba su mako biyu. Maƙwabcinmu Malam Bukar masunci har da dariya. Ya ce, "Kai da ka tsufa a kan injin shinkafa, za ka buɗe cikin motar Turawa? Bari in kawo maka kwalekwalena, ka kai Kaltume ta ruwa."

Hajiya, na buɗe ta.

Sani ya turo hotunan littafin motar ta waya, ya fassara mini da Hausa. Na ɗauko littafin rubutuna na ajin yamma, wanda kika ɗinke wa bango da leda, na kwafe komai da fensir. Kin tuna yadda na shiga ajin nan? Ina da furfura, ina cewa me zan yi da boko. Ke kika riƙa ɓoye mini rediyo da la'asar har sai na tafi.

Na samu kwali na huda, kowane noti na kwance sai in soke shi a raminsa in rubuta lamba. Notukan da ke riƙe da turbo sun sha wuta sun kafe, yini guda ina jiƙa su da mai ina lallashinsu, don in ɗaya ya karye aikin ya ƙare. Da na ɗaga kan injin na ɗora masa ƙarfen awo, sai na hango haske ta ƙarƙashi. Zafi ya ɗan lanƙwasa shi. Na saka shi motar Kano aka goge, ya dawo bayan kwana biyu tare da sabon gasket da sababbin notuka, yana ƙyalli kamar farantinki na baƙi. Kafin ya dawo na wanke lagireto. Lakar da ta fito, ina jin za a shuka shinkafa a kanta.

Ana gobe suna na zo ɗaurewa, a nan na kusa ɓata komai. Hannuna ya tafi da kansa ya ɗauko guntun bututun nan da nake zura wa sifana. Na kafa a notin gefe, zan bi layi in ɗaure kowanne har sai ya yi kuka, yadda na saba shekara arba'in. Sai maganarki ta faɗo mini, wadda kike yi duk ranar da na kawo miki takardar asibiti ban duba ba: "Malam, karanta tukuna. Hannunka ya fi idonka sauri."

Na ajiye bututun, na saka tabarau. Ashe daga tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa gefe da gefe ana buɗewa waje, ɗaya har zuwa goma, kuma zagaye uku, ba ja ɗaya ba. Da na bi son hannuna, da kan injin ya sake karkacewa, ruwa ya koma cikin mai. Wani malamin koyar da sana'a ya ara mini sifana mai awo, wadda ke cewa ƙas idan ƙarfi ya kai. Ina karanta lamba da ƙarfi, ina ja, tana cewa ƙas. Malam Bukar da ya zo kallon faɗuwata, shi ya ƙare yana riƙe mini littafi.

Na ɗiga wa turbo mai ta bututunsa kafin in tayar, haka takarda ta ce. Na zuba ruwan lagireto na galan, ba na kogi ba. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu. A na uku ta kama! Na tsaya ina kallon salansa, ba hayaƙi. Allura ta hau tsakiya ta zauna. Wallahi Hajiya na yi rawa a ƙofar gida, ni da rawanina. Malam Bukar ya ce, "Shi ke nan, kwalekwale ya huta."

Washegari da hantsi muka shiga Guri. Ruwa ya kwanta dama da hagu, ciyawar kacala ta cika bakin hanya, mota tana tafiya sumul. Yaya Kaltume ta miƙe ƙafa a kujerarki ta yi barci, ba ta farka ba sai da masu guɗa suka tare mu. Hauwa ta ga yayarki ta fito daga motarki, ta rufe fuska ta yi ta kuka.

Sunanki aka raɗa wa yarinyar. Hauwa ba ta iya faɗa, Ummi take ce mata. Ni kuwa da aka miƙo mini ita na ce ga amaryata ta iso, mata suka yi ta tsokanata wai angon yana warin baƙin mai. Kin san ban taɓa kiran sunanki a gaban jama'a ba. Ranar na kira shi, a hankali, a kunnenta, har sau uku.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya raya takwararki a kan halinki. Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Littafin yana cikin mota. Ina karantawa tukuna.

Naki har abada,
Malam Adamu mai injin ban ruwa, Haɗejiya.