Yatsun da Na'urar Zaɓe Ta Ƙi

Zuwa ga 'yar ƙanena, Uwata mai sunan tsohuwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Innarki, uwargidan tawa, na fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau, ni ne shaida. Yayanki direba ya samu ƙaruwa, mace, an ce hancina ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙuri.

To Uwata, gyara zama. Kin tuna zaɓen bara a makarantar bayan kasuwa, da aka ɗauke ki aikin yini ɗaya kina duba sunaye, kawunki hedimasta yana shugaban rumfa. Tun hantsi nake kan layi har rana ta take. Da na iso tebur na ɗora yatsa a kan na'urar nan ta tantance masu zaɓe, ta nuna ja. Na sake wani, ja. Goma Allah Ya ba ni, goman ta ƙi. Shekara arba'in da biyar siminti yana cin fatar hannuna, ina zanen yatsa zai tsaya? Sai kawunki ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ya ce in koma gida in ɗauko yatsun da na yi rajista da su. Aka kwashe da dariya. A cikin ajin da ni na aza tubalinsa na farko, Uwata.

Mu ashirin da uku aka kora haka: magina, masu wanki, matan da ke wanke-wanke a gidajen abinci, duk wanda aiki ya goge wa hannu. Daga baya lauyan ƙungiyarmu ta magina ya ce ashe doka ta tanadi wata takarda da ake cike wa wanda na'ura ta ƙi, a dubi fuskarsa da katinsa, ya jefa ƙuri'arsa. Kawunki ya ce wa hukuma ko ɗaya ba a kawo masa ba. Amma ke kika faɗa wa Innarki a ɗakin girki, kafin ku tashi daga garin nan, cewa da idonki kin ga ya cusa takardun a baƙar jakarsa, yana zaro wa mutanen ɗan takararsa ɗaya bayan ɗaya. Innarki ta riƙe maganar wata takwas cur, wanda a wurinta ya isa a ba ta lambar yabo.

Abin da ya sa ta furta shi ne rasuwar abokina mai wanki, watan jiya. Tun da aka fara zaɓe bai taɓa fashi ba, sai wannan da aka kore mu tare. A zuwana na ƙarshe duba shi, tambayarsa ɗaya ce, ko za a gyara abin kafin zaɓe mai zuwa. Kawunki ya zo gaisuwar mutuwar har da miƙo mini hannu. Na ba shi, na damƙe nasa, ban saki ba sai da ya ji kaushin abin da ya yi wa dariya.

Ran sha biyu ga watan gobe kwamitin gyaran dokar zaɓe zai zauna a babban zauren gari ya saurari jama'a. Za mu nemi a riƙa ƙirga takardun nan a kan tebur a gaban kowa kafin a fara zaɓe, wanda ya ɓoye kuma a raba shi da aikin har abada. Wannan shi nake faɗa wa mutane, kuma gaskiya ne. Ke kuwa ba zan ɓoye miki sauran ba. So nake a kira sunansa ya miƙe tsaye, a gaban malaman da yake yi wa tsawa, a tambaye shi jakar, ya lalubi magana ya rasa. Kujerar gaba zan kama, in saka tabarau. Liman ya ce in yafe. Na ce masa zan yafe, ran sha uku.

Maganarmu kaɗai ba za ta isa ba, za a ce tsofaffi ne masu ƙorafi. Ke ma'aikaciya ce a ranar. Ki rubuta abin da kika gani, kada ki ƙara kada ki rage, ki sa hannu, ki aiko ya iso kafin ran biyar, in kai wa lauya. Na san ƙanen mahaifiyarki ne, shi ya koya miki riƙe alƙalami, kuma mahaifiyarki za ta ɗauke miki wuta na wani lokaci. Idan kin ga ba za ki iya ba, ba zan yi miki baki ba, kina nan Uwata. Amma mu ashirin da biyu za mu shiga zauren nan ba mai tsaya mana.

Ki gaida maigidan, da Babba, da Auta mai tsiwa. Innarki da Gwaggonki mai ɗinki suna gaishe ki. Idan kawunki ya kira ki yana tambayar jikina, ki ce masa ina cin abinci, ina shan maganina a kan lokaci, har tattaki nake yi da safe. Ba ni da niyyar zuwa ko'ina kafin ranar, in Allah Ya yarda.

Naki har kullum,
Baffanki magini.